Sunan da Na Rufe a Bayan Bashir

Na sha jin ku a falo kuna ba da labarin nan kuna dariya, wai Sitti, wato ni kakarku, ta kusa hana Kawu Bashir dambensa na farko da lallenta, sannan ta dawo ta cece shi da lallen. Dariyar ba ta dame ni ba, ni ma nakan taya ku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana cewa ai wani tsoho mai tsire ne ya matsa sai an yi masa talla a jikin yaro. Ranar abinci bai shiga cikina ba. Mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa da sauran numfashina. Don haka ku 'ya'yana da jikokina ku zauna ku karanta yadda aka yi. Wanda Hausa ta yi wa nauyi ya sa uwarsa ta fassara masa.

Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, lalle ne ya riƙe gidanmu. Ina yi wa amaren mutanenmu, ina yi wa 'yan Sudan, har Larabawa suna aiko mota a ɗauke ni. Ba yabon kai ba, baƙin lallena ya yi suna a unguwar, domin amarya takan gama amarci ta fara faɗa da miji yana nan raɗau a hannunta. Bashir shi ne autana. Ya taso siriri, ga zuciya, kullum sai an biyo shi gida da ƙara: ya fasa wa wane baki, ya kayar da ɗan wance. Na yi duka, na yi addu'a, na yi kuka, duk ko a jikinsa.

A kan kwanar layinmu, jikin shagon wani Bayamane, akwai teburin Malam Idi mai tsire, abin nan da Larabawa ke kira sire suna layi a kansa. Bakatsine ne, ɗan gidan mahauta, ya zo aikin hajji tun yana da ƙarfinsa bai koma ba. Kun san mahauta da dambe, a jininsu yake. Shi ne ya fara kallon faɗan Bashir da wani ido daban. Wata rana ya kamo shi da hannu ya kawo shi har ƙofata, ya ce ya ji labarin wani wuri a Khumra, cikin wani tsohon sito, inda ake koya wa samari damben zamani, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji. Na ce ban haifi ɗa don a sa shi a keji kamar kaza ba.

"Hajiya," in ji shi, "yaron nan zai yi faɗa ko kin so ko kin ƙi. Gara ya yi inda akwai alƙali da likita."

Na yi ta juya maganar a raina, daga ƙarshe na yarda, kuma yau ina gode wa Allah da na yarda. Ƙarar maƙwabta ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Yaro ya fara tashi da asuba, ya daina shan abin zaƙi, ya koyi sunkuyar da kai idan babba na magana. Amma horon nan yana cin nama, ni kuwa naman da nake iya saya ba ya wuce na ɗanɗano a miya. Sai Malam Idi ya ɗauki wannan ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Duk yammacin da Bashir ya sauko daga motar Khumra, akwai ƙunshinsa a gefen wuta: jan nama zalla, ba kitse, ba ƙuli, ba yaji, yadda malamin damben ya ce. Shekara da shekaru haka. Na taɓa aika Hauwa, yayar Bashir, da ɗan abin da ya samu, ya maido ta da shi, ya ce ta gaya mini idan na sake zai daina gaishe ni.

Shekarar da nake ba ku labari, aka kira Bashir gasar manya karon farko, a wani babban zaure, wadda ake nunawa a talabijin da wayoyi har ƙasashen waje. 'Yan damben irin wannan gasa suna shiga da sunayen masu ɗaukar nauyinsu a jikin gajeren wando: kamfanin ruwa, kamfanin mota, gidan abinci. Bashir ya ce shi ma yana da mai ɗaukar nauyi, ya tafi ofishin masu gasar da sunan Malam Idi. Suka ce sai mai rajistar kasuwanci, kuma sai sun amince da shi. Malam Idi kuwa tebur ne da wuta da mafici. Bashir ya dawo gida ransa a ɓace. Sai wata safiya ina kwaɓa lalle ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ya Ummi, ina so ki yi mini lalle."

"Aure za ka yi ban sani ba?"

"La wallah. A baya. Sunan Baba Idi. Kabir, ƙato, daga wannan kafaɗa zuwa wannan. Wandon nasu ne, halas, shi ke nan, amma bayan nawa ne."

Ya nuna mini a waya wasu 'yan dambe na ƙasashen waje da rubutun talla a gadon bayansu. Na ce ai waɗannan sitika ce ake mannawa, me zai hana ya je a buga masa. Ya ce sitika da zarar an yi gumi an birgima a ƙasa ta tafi, amma lallen Ummi ba ya fita. To, ni ma mutum ce. Yaro ya yabi sana'ata, kuma abin da yake so ya yi abu ne da ni kaina na daɗe ina neman hanyar yinsa, wato in ce wa mutumin nan mun gode ta yadda ba zai iya maidowa ba. Hauwa ta zana haruffan da jagira, na bi da baƙin lalle, na shafa mahalabiya, ya bushe na wanke, na sake bi a karo na biyu kamar yadda nake yi wa amaryar da nake ji da ita. A sama da Larabci, Siren Baba Idi, Hindawiyya. A ƙasa da boko, BABA IDI, manya-manya. Bashir wankan tarwaɗa ne, rubutun ya fito kamar an buga da inji. Ba mu tambayi kowa ba. A ƙananan wasannin Khumra samari suna shiga da rubuce-rubuce a jiki ba mai cewa uffan, kuma Bashir ya ɓoye wa malaminsa, yana horo da riga, wai yana so ya ba kowa mamaki.

Ku lura da kyau, har zuwa nan Malam Idi bai san komai ba. Bai roƙa ba, bai biya ba, ko a mafarki bai kawo ba. Da yamma muka je teburinsa, Bashir ya juya baya ya ɗaga riga. Tsohon ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa, sannan ya juya yana fifita wutar da ba ta buƙatar fifita, yana cewa hayaƙin gawayin nan na bana ba shi da kyau. Bayamanen ya ɗauko waya zai ɗauki hoto, Malam Idi ya tare shi.

"A'a, ba hoto. Hoto kowa yana iya haɗawa. Su gani a talabijin da idonsu."

Su ɗin da yake nufi mutanen gida ne. Yana da 'ya, Jummai, wadda ya bari tana goye, a lokacin nan har ta tara nata 'ya'yan. Duk rayuwarta a waya ta san ubanta. Bai taɓa fasa aike ba, amma 'yan'uwansa suna yi masa gori a bayan ido, wai ya ƙare ƙuruciyarsa yana hura wuta a ƙasar mutane, ba gida ba suna. Maganar tana dawo masa, kuma tana ci masa rai, ko da yake ba ya faɗa. A daren nan ya kira Jummai. Kafin mako ya zagayo labari ya cika garinsu: za a nuna sunan Idi a talabijin daga Jidda. Jummai ta sa mijinta ya aro babban allo, aka tanadi man janareta, aka gayyaci baffanni da maƙwabta. Malam Idi da bakinsa yake ba ni labari, yana dariya kamar yaro ranar sallah.

Ana gobe dambe ake awo. Kowane ɗan dambe zai cire riga ya hau sikeli a gaban jami'ai. Ranar Juma'a ce, ban manta ba. Kafin la'asar na ji sallama, sai ga Bashir ya shigo fuskarsa kamar an yi masa mutuwa, bayansa malamin dambensu, wani Bamisire da suke kira Kabtin, ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ya yi mini bayani. Dokar gasar ta hana kowane irin talla a fatar ɗan dambe. Talla a wando ne kawai, shi ma wanda suka amince da shi, domin su da gidan talabijin suna da nasu masu ɗaukar nauyin da suka yi yarjejeniya da su. Wasu baƙi biyu sun zo da sitika, aka goge musu da auduga da ruwan magani nan take. Aka zo kan Bashir, aka yi ta gogawa har audugar ta ƙare, rubutu na nan kamar yanzu aka yi. Ba a shiga keji da riga, ba a yarda da filasta ba. Sun ba shi zuwa gobe kafin azahar, lokacin da likita zai sake duba su. Idan rubutun yana nan, ba dambe. Idan kuma an ƙwarzane fatar garin cirewa, likita zai hana shi, nan ma ba dambe.

Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Gidan biki ma yana da tsarinsa, kuma jami'an ba su wulaƙanta shi ba. Amma Kabtin ya faɗa a fili cewa sabon ɗan dambe da ya janye ana gobe wasa da wuya a sake kiransa, akwai samari da yawa a layi. Hauwa ta ruga kicin ta kwaso lemon tsami da man goge baki da gishiri, har da ruwan wankin kaya. Na ce ta ajiye. Na san abin da na kwaɓa. Wannan lallen ba ya fita sai fatar ta sake da kanta, duk abin da za a goga masa ciwo kawai zai jawo. Amma akwai abin da na sani kuma, domin an sha kawo mini amaren da wata ta ɓata musu hannu. Baƙin lalle ba a cire shi, amma ana rufe shi da wani zanen. Kabtin ya kira jami'in a waya, aka ce ado ba talla ba ne, muddin ba a iya karanta komai.

"Mustahil," in ji Bashir. "Ba zan yi ba."

"Kai Bashir, ka ji abin da Kabtin ya ce kuwa?"

"Na ji. Ya Ummi, mutane sun taru a garinsu. Ya gaya wa kowa. Ni na je na nuna masa, shi bai tambaye ni ba. Yanzu in shafe shi kamar datti? Halas, ba na damben."

Ya shiga ɗaki ya rufe. Kabtin ya yi magiya ta bayan ƙofa har ya gaji ya tafi. Na zauna a tabarma ina kallon kwanon lalle. Ina alfahari da yaron a wannan lokacin, ba zan ɓoye muku ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya buɗe ƙofar nan. Na san idan na je na gaya masa, abin da zai ce ɗaya ne, kuma na san abin da faɗinsa zai ci masa. Wato zan je in karɓe wa tsoho abu guda da ya taɓa sa rai a kansa, ina sane da cewa ba zai iya hana ni ba. Na auna wannan da shekarun da ɗana ya yi yana gudu a bakin teku da asuba. Na ɗauki abayata na fita. Uwa ce ni, kuma da za a sake maimaitawa haka zan sake yi.

Na same shi ya jera tsinke, masu saye sun fara taruwa, yammacin Juma'a kuwa shi ne kasuwarsa. Na ja shi gefe na gaya masa komai, ban rage ba ban ƙara ba. Ya tsura wa wutar ido, har wani tsinke ya fara ƙonewa bai juya shi ba.

"Rufewar nan, tana da ciwo?"

"Ba ta da ciwo, Malam."

"Za ta bushe kafin gobe?"

"Za ta bushe."

"To me muke jira, Hajiya?"

Ya kwashe naman ya miƙa wa Bayamanen ya ce ya raba wa waɗanda ke tsaye, ya yayyafa wa garwashin ruwa. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya kashe wuta kafin isha'i ba. Muka taho yana gaba ina baya. Bai buga ƙofar Bashir ba, daga tsakar falo ya ɗaga murya.

"Kai! Fito nan. Ni za ka mayar abin kunya? A ce Idi ne ya hana yaro dambe? A gidanmu ɗan dambe ko uwarsa ce ta rasu sai ya shiga fili ya fito sannan ya yi kuka. Ka gode mini, na ji, na karɓa, Allah ya yi maka albarka. Yanzu kwanta."

"Baba, Jummai fa..."

"Jummai 'yata ce, ba taka ba. Kwanta na ce."

Bashir ya kwanta rub da ciki yana kuka a cikin matashi, ƙaton saurayi da shi. Na kwaɓa sabon lalle. Malam Idi ya zauna a bakin ƙofa ya karɓi kwanon ya riƙe mini, na ce ya ajiye a ƙasa ya ƙi. Da na tsaya ina tunanin irin zanen da zan yi, domin fulawar amare ba ta dace da namiji ba, shi ne ya ce in yi masa irin aikin da ake yi a bayan babbar riga, tambarin nan mai zagaye. Na fara da na Larabcin, ina jan dogayen haruffa ina lanƙwasa su, ina cike tsakaninsu, har suka ɓace cikin zagayen. Da na sauko kan na bokon sai Malam Idi ya ce in dakata. Ya matso ya sunkuya ya kalle shi, ya daɗe yana kallo.

"To," in ji shi. "Bismilla, Hajiya."

Washegari likita ya shafa fatar bai ga rauni ba. Jami'in ya zagaya bayan Bashir, ya duba ta nan ya duba ta can, ya tambaya ko alamar wani kamfani ce, aka ce masa adon riga ne na mutanenmu, ya ce tamam. Damben kuwa ba zan ba ku labarinsa ba, yana cikin wayoyinku, kun fi ni saninsa. Ni ina zauren amma fuskata tana cikin mayafi, Hauwa ce ke gaya mini ya faɗi, ya tashi, ya hau kansa. Na ɗago ne kawai lokacin da alƙali ya ɗaga hannunsa. Malam Idi bai zo ba. Tikitin sai ta waya da lambar iƙama, wato takardar izinin zama, shi kuwa ba shi da ita, kun dai gane. A teburinsa ya kalla, a wayar Bayamanen.

Kashegarin damben, bayan la'asar, na ce wa Bashir ya tashi mu je. Idonsa ɗaya a kumbure, yana tafiya kamar tsoho. Na shirya maganganu da yawa a raina. Muna isa, kafin in buɗe baki, wayar Malam Idi ta yi ƙara, Jummai ce, kiran bidiyo. Ya kalle ni, ya goge hannu a rigarsa, ya ɗauka. Muryarta ta fito kowa na ji.

"Baba, mun kalla har ƙarshe. Gida ya cika, har a kan katanga. Amma ba mu ga sunan ba. Baffa Sule yana ta cewa dama ya sani."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bashir ya miƙa hannu zai karɓi wayar ya yi bayani, tsohon ya ture hannun.

"Suna doka ta hana, ni na ce a rufe. Amma yaron fa, kun gan shi?"

"Mun gan shi, Baba. Yara har yanzu suna ta kwaikwayonsa."

Sai ya jawo Bashir kusa, ya juya wayar, ya dafa kafaɗarsa ya bubbuga ta da tafin hannunsa mai baƙin gawayi.

"Kin ga wannan kafaɗar? Kin ga damtsen nan? Tun yana kamar tsinke nake gasa masa nama. Ki kai wa Sule wayar ya gani da kyau. Ki ce masa abin da na yi a Jidda ke nan."